Sista Rachael da Sifirin ɗin Alhaji Bobboi

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin mai ƙosai ta kwashe kaskon farko, Sista Rachael Kwaji ta riga ta fito daga gida, fararen kaya a jiki, lema a hammata, ko da rani ko da damina. Daga gidanta zuwa asibitin da take aiki tafiyar minti ashirin ce idan mutum ya bi titi. Ita awa guda take yi, don ba titin take bi ba. Sai ta kutsa ta lungunan Sabon Layi a nan Mubi, ta tsaya a rumfar Sali wanzami, ta leƙa shagon askin da ke jikin injin niƙa, ta ƙarasa wurin wani tsohon wanzami da ke shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya. Kowanne za ta gaishe shi, ta tambayi iyali, su ɗan yi ƙus-ƙus, ta wuce. An daɗe ana mamakin abin a unguwa. Mace dattijuwa, 'yar zumuntar mata a coci, ba gemu gare ta ba, me ya haɗa ta da masu aska tun sassafe? Har an taɓa cewa miji take nema wa ƙanwarta. Ita dai ba ta taɓa tsayawa ba kowa amsa ba, saboda masu jiran awon jini sun riga sun cika benci.

A watan jiya ta cika shekara talatin da biyar tana aikin jinya, ta ajiye aiki. Babu gidan rediyon da ya ambaci sunanta, na kuma san babu titin da za a raɗa wa sunan. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara goma sha biyun ƙarshe a ɗakin masu hawan jini da ciwon zuciya ta yi su. Likitan zuciya daga Yola yake zuwa sau ɗaya a wata, ya duba mutane, ya yi rubutunsa da ba mai iya karantawa sai ita, ya shiga mota ya tafi. Sauran kwanakin watan na Sista Rachael ne. Cikin masu zuwa wurinta akwai 'yan tsiraru da aka kai Abuja ko Kano aka sa musu ƙarfe a jijiyar zuciya. Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta cushe, likitoci sukan zura wata 'yar mitsitsiyar ragar ƙarfe ta hannu ko ta cinya, su kai ta wurin da ya cushe, su buɗe ta ta tokare jijiyar. Su suna ce mata stent. A Mubi sifirin ake cewa, don wanda ya fara dawowa da ita ya ce ta yi kama da sifirin ɗin cikin biro.

Sifirin iri biyu ne. Akwai ƙarfe zalla, akwai kuma wanda aka shafe da magani, maganin yana fita a hankali yana hana tsoka ta tsiro ta sake cike wurin. Kowanne aka sa wa mutum, sai ya riƙa shan ƙwayoyin tsinka jini iri biyu, don kada jini ya daskare a jikin ƙarfen. Mai ƙarfe zalla akan sauke masa ɗaya da wuri. Mai na magani kuwa, a shekarun da nake ba da labari, shekara guda cur ake ce masa ya yi bai tsallake ko kwana ɗaya ba, domin nasa ya fi jinkirin warkewa. In ya bari da wuri, jijiyar tana iya toshewa farat ɗaya, mutum yana tsakiyar hira.

Sista Rachael ba a takarda ta karanta wannan kawai ba. Tun farkon zuwanta ɗakin ta rasa wani malamin makaranta daga Sahuda, mutum mai fara'a, da ya bar ƙwayoyinsa a wata na biyar don yana jin ƙarfi a jikinsa. A gona ya faɗi. Kullum ta tambaye shi yana shan magani, ya ce mata kullum. Mutuwar ta dake ta ƙwarai, ta kuma koya mata halin mutanenta. Ka tambayi dattijon Mubi ko yana shan magani, zai ce maka kullum, har ya zazzage maka fankon fakiti a tebur don shaida. Inda ƙwayoyin suka tafi kuwa, Allah kaɗai ya sani.

Nan ne wanzamai suka shigo. Da farko gargaɗi ta je yi musu, cewa duk wanda ke cikin mutanenta kada a yi masa ƙaho, kada a yi masa tsaga, don mai shan waɗannan ƙwayoyi in aska ta kama shi jinin yakan daɗe bai tsaya ba. Sai Sali ya ce mata ai su sun riga sun sani, su ne suke ƙarar da auduga a ƙeyar waɗannan tsofaffin. Daga ranar ta mayar da wanzaman Sabon Layi 'yan rahotonta. Duk wanda jininsa ya saba tsiyaya sai kwatsam ya fara tsayawa da wuri, a gaya mata. Ita da kanta tana faɗa cewa wannan ba gwajin asibiti ba ne, amma ya fi amsar "kullum" amfani.

Cikin duk mutanen da ta yi fama da su, babu kamar Alhaji Bobboi da Baba Joel. Alhaji Bobboi dillalin shanu ne a kasuwar Tike, dogo, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, mutumin da ba a taɓa ganin ko goro a bakinsa a bainar jama'a ba, saboda kunya irin ta Fulani. Baba Joel tsohon hedimasta ne da ya koma noma a Duvu, gajere, kakkaura, muryarsa tana riga shi shiga ɗaki. Abokai ne tun ana hawa keke zuwa Sahuda, kuma shekara arba'in ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Sai Allah ya haɗa su a ciwo ɗaya. Tsakaninsu mako uku, aka kai kowannensu Abuja aka sa masa sifirin. Alhaji aka sa masa mai magani. Baba Joel aka sa masa ƙarfe zalla, saboda yana da gwaiwar da ke jiran aiki, kuma ba a son a yanka mutum jininsa yana tsinke.

Daga nan bencin kilinik ya zama filin daga. Duk Alhamis sai su zo tun ba a share ɗaki ba, su zauna kafaɗa da kafaɗa, su fara.

"Nawa da rigarsa ya zo," in ji Alhaji Bobboi, yana gyara malafa. "Naka tsirara ne. Mutum da girmansa, hedimasta guda, a sa masa abu tsirara a ciki."

"Orijinal ke nan!" in ji Baba Joel. "Ƙarfe mai kyau ba ya bukatar fenti. Naka don sun san ba shi da ƙarfi ne suka shafa masa magani. Ni zan zo jana'izarka in yi jawabi."

"Ba a jawabi a namu."

"Zan yi a waje, a bakin titi."

Masu jiran layi har sun saba, wasu ma ba ranar zuwansu ba ce suke zuwa. Wata Alhamis rigimar ta yi zafi har suka shiga wurin Sista tare, suka ce ta raba gardama.

"Sista, ka faɗa masa gaskiya," in ji Alhaji. "Mai rigan nan da mai tsirara, wane ne yake daɗewa a duniya?"

Ta gama ɗaure wa Baba Joel abin awo a hannu tukuna. Ta ce, "Baba, ku saurara da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Masu bincike sun bi dubban mutane shekara da shekaru, masu wannan da masu wancan. Wajen mutuwa ba su ga wani babban bambanci ba. Inda suka ga bambanci shi ne wajen komawa asibiti. Masu ƙarfe zalla sun fi komawa a sake buɗe musu jijiya. Shi kuma mai magani, ya fi son a daɗe ana shan ƙwaya. Shi ke nan. Sauran kuma na Allah ne."

Kowannensu ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya fita da shi. Alhaji ya bi kasuwa yana cewa Sista ya tabbatar Joel zai koma Abuja. Baba Joel ya bi Duvu yana cewa Sista ya ce kunnen doki ne, Alhaji ya sha wahalar banza. Maganar daɗewa ana shan ƙwaya kuwa, a tebur suka bar mata.

Da aka yi wata uku, likitan Yola ya duba Baba Joel ya ce ya ajiye ƙwaya ɗaya, ya ci gaba da asfirin kawai, a shirya aikin gwaiwa. Baba Joel bai ko tsaya ɗaukar hularsa ba, ya fito ya tsaya a gaban benci ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, an yaye ni! Alhaji, kai kana nan kana tsotso. Wata tara ya rage maka. In kana so in saya maka fidar jarirai."

Aka yi dariya har da masu tari. Alhaji Bobboi ya yi murmushi, wanda kuwa ya san shi ya san wannan murmushin ba na alheri ba ne. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana raba maraƙi da uwarsa, a ce masa ba a yaye shi ba a gaban mata? Ya koma gida ya yi lissafinsa irin na dillali. In dai mai tsirara ya ajiye ɗaya, to mai riga, wanda maganinsa ke manne a jikinsa, ai biyun ya kamata ya ajiye. Bai yi shawara da kowa ba. Ranar Alhamis ya zo, ya zazzage fankon fakiti a tebur, aka tambaye shi ya ce kullum.

Kwana goma sha tara bayan haka, ranar kasuwar shanu, an kwana ana ruwa, Sista Rachael ta biyo ta rumfar Sali tana tsallake taɓo. Ta same shi yana wasa aska, bakinsa har kunne.

"Sista, albishirinki! Alhajinki ya warke."

"Wane Alhaji?"

"Bobboi mana. Jiya na yi masa aski, hannuna ya ɗan goce a bayan kunne. Da can sai mu ƙarar da auduga, ya tafi gida da tsumma a wuya. Jiya kuwa, ɗis ɗaya, cak! Jini ya dawo na maza. Makon jiya ma haka. Na ce bari in tabbatar kafin in ba ki labari mai daɗi."

Sali ya manta da ma'anar rahoton da maganarsa ce ta haifar da shi, murna ta ɗauke shi. Ita kuwa Sista ba ta manta ba. Fuskar malamin Sahuda ce ta zo mata. Ta aika aka gaya wa abokiyar aikinta ta riƙe kilinik, ta tare keke mai ƙafa uku, ta ce Tike, kuma kada ya tsaya ɗaukar kowa.

Wanda ya san Tike bayan ruwa ya san ba wurin fararen kaya ba ne. Ta sauka, takalminta ya nutse a abin da ba sai na ambata ba, ta zaro ƙafa ta bar takalmin, ta ci gaba da ɗaya. Tana kutsawa tsakanin ƙahonni tana ture gindin shanu da lema, makiyaya suna darewa, don ba su taɓa ganin irin wannan mai sayen ba. Can ta hango shi kusa da inda ake loda tirela, yana tsaye cikin dillalai. Gari da sanyi amma goshinsa sharkaf da gumi. Hannunsa ɗaya yana cikin babbar riga, a kan ƙirji.

"Alhaji, yaya jiki?"

"Jam, Sista. Lafiya lau. Saniya ka zo saya?"

"Cire hannunka daga riga."

"Sanyi nake ji."

"Tun yaushe ƙirjin yake maka nauyi?"

Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Shi a wurinsu namiji ba ya cewa yana jin ciwo, balle a kasuwa. Da ƙyar ya ce, "Ɗan kaɗan ne, tun asuba. Kamar an ɗora min buhun dusa. Ƙaramin buhu."

"Kwana nawa ba ka sha magani ba?"

"Kullum…"

"Baba, kada ka ce min kullum. Na rantse in ka ce min kullum zan zauna a taɓon nan in yi ihu."

Ya san za ta aikata. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Joel an yaye shi. Nawa ya fi nasa. Nawa da maganinsa a jiki."

"Maganin da ke jikinsa shi ne ya sa yake jinkirin warkewa. Na Joel nama ya riga ya rufe shi. Naka yana nan a buɗe, jini yana neman inda zai kama. Kai ka fi Joel bukatar ƙwayan nan sau goma." Ta buɗe jaka ta ɓallo asfirin ta miƙa masa. "Tauna. Yanzu."

Alhaji Bobboi ya ja da baya kamar an nuna masa maciji. "A nan? A gaban mutane? Sista, ka duba can. Alhaji Murtala ne, yayan Asta matata. Shekara arba'in da ɗaya bai taɓa ganin bakina yana motsi ba. Bari mu je gida."

Gida kuwa da nisa, kuma ta ga leɓensa ya fara canza launi. Wata ma'aikaciyar da sai ta tsaya yi masa wa'azi a kan al'ada, ko ta ɗaga murya ta kunyata shi, shi kuma ya kafe, don irinsu sun gwammace a ɗauke su a makara da a ce sun yi rashin kunya a gaban suruki. Sista Rachael ba ta ɓata lokaci a kan wannan ba. Ta hau dakalin loda shanu da takalmi ɗaya, ta buga lema a jikin ƙarfen tirela sau uku, ta saki muryar da take jan waƙa da ita a coci.

"Jama'a! Kowa ya juya baya! Dillali, makiyayi, direba, mai shayi, kowa! Alhaji Murtala, kai ne na farko!"

Waɗanda suka ga abin da idonsu sun ce ba su san me ya sa suka bi umarnin ba. Alhaji Murtala ne ya fara juyawa, don shi ya gane, har ya ja malafarsa ya rufe fuska. Saura suka bi. Maza sun fi ɗari, masu sanduna da masu igiyoyi, suka ba Alhaji Bobboi baya, ciniki ya tsaya cak. Ta sauko ta sake miƙa masa.

Ya duba hagu da dama, ya ce a hankali, "Shanu suna kallo."

"Shanun ba surukanka ba ne. Tauna!"

Ya tauna. Ya yamutse fuska, ya haɗiye, ya goge baki da hannun riga, sannan ya yi gyaran murya don jama'a su san an gama.

A keken da ya kawo ta ta sa shi, tana riƙe da hannunsa tana ƙirga bugun jini har asibiti. Aka yi awon bugun zuciya, ta ɗauki hoton takardar da waya ta tura wa likitan Yola, ya kira nan take ya faɗi abin da za a ba shi, ya ce a taho da shi yanzu. Ita ta shiga motar da kanta, da silifas ɗin aro. Daga Yola aka wuce da shi gaba. Likitan da ya karɓe shi a can ya gaya wa 'ya'yansa cewa jini ya fara daskarewa a jikin ƙarfen, saura ƙiris ya toshe, kuma su je su gode wa wanda ya kamo shi a ranar.

Sai da hankali ya kwanta Sista ta je gidan ta tambayi Dada Asta inda ƙwayoyin kwana goma sha tara suka shiga. Dada Asta ta rufe baki da mayafi, ta nuna bayan ɗaki. Wai Alhaji ya ce zubar da magani mai kyau almubazzaranci ne, don haka kullum da safe yakan murƙushe su a cikin dusar ragon da yake kiwo. Sista ta je ta tsaya a kan ragon. Yana nan lafiyarsa ƙalau, yana tuƙa, yana kallonta. Ta ce ita dai a duk marasa lafiyarta wannan ne kaɗai bai taɓa tsallake kwana ba.

Baba Joel da ya ji labari a Duvu, bai jira mashin ba, ya taho a ƙafa har inda ya sami abin hawa. Ya shigo ɗakin Sista ya zauna ya cire hula, sai hawaye. Wannan ne karo na farko da aka ga bakinsa a rufe na minti biyar.

"Sista, ni ne. Bakina ne ya kusa kashe shi."

"Bakinka ne," in ji ta, don ba ta iya lallashin ƙarya ba. "To, tunda bakin yana da ƙarfi haka, mu sa shi aiki."

Daga ranar da Alhaji ya dawo gida, kullum ƙarfe bakwai na safe wayarsa sai ta yi ƙara. Baba Joel ne. Ba gaisuwa, ba komai, sai "Ka sha?" Alhaji ya ce, "Na sha, sarkin surutu." Baba Joel ya ce, "Ba Asta in ji." Yau shekara takwas ke nan ana wannan, har bayan da likita da kansa ya sauke wa Alhaji ƙwaya ɗaya a lokacin da ya dace.

Shi ma hedimasta bai tsira ba. An yi aikin gwaiwa lafiya, amma wajen wata na takwas sai ya fara haki in ya hau tudun gonarsa. Shi dai ba ya ɓoye ciwo, duk Duvu sai da ta sani kafin ya iso asibiti. Jijiyar ce ta sake matsewa a cikin ƙarfen, kamar yadda Sista ta faɗa tun farko. Aka mayar da shi Abuja, aka zura masa mai magani a cikin tsohon. Alhaji ya shirya tsaf don ya rama, ya zo benci da wuri da sabuwar malafa. Baba Joel ya shigo yana dogara sanda, ya riga shi buɗe baki.

"Yanzu ni biyu gare ni, singileti da riga. Kai ɗaya tak."

Alhaji ya juya wurin Sista yana neman ɗauki. Ta ce ita ta daina shari'ar sifirin, kowa ya miƙo hannu a auna shi.

Sista Rachael, ke ce kika gane cewa likita yana sa ƙarfe a awa ɗaya, amma wani ne zai yi gadinsa shekara guda, kuma kika ɗauki gadin ba tare da an rubuta miki shi a takardar aiki ba. Ke ce kika haye mayo, wato kogi, a cike, ruwa har ƙugu, don kai wa wata tsohuwa a Sahuda ƙwayoyinta da suka ƙare. Ke ce kika koyi gaisuwa da Fulatanci da Gude a kan yarenki na Kamwe, don kin lura tsoho ba ya faɗin gaskiyar ciwonsa da Hausa. Kin yi faɗa da mu, kin ƙwace mana gishiri da kitse, kin kira 'ya'yanmu a waya kin kai ƙararmu. Mun ji haushinki a lokacin, ba ƙarya. Uwar masu sifirin, mai lema ɗaya da ta tsayar da kasuwar Tike, yau ga mu muna tafiya da ƙafafunmu.

Kwana biyu da ajiye aikinta, da hantsi, ta ji ana sallama a ƙofar gida. Ta fito ta ga Alhaji Bobboi, yanzu shekararsa saba'in da huɗu, riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar wata jar karsana tana cin shuwakar da ta shuka a bakin ƙofa. Gidan Sista ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida da bai fi shanya uku ba.

"Alhaji, wannan fa?"

"Aro ne," in ji shi, yana kallon bango, don har yau godiya ba ta fita daga bakinsa kai tsaye. "Haka muke yi da wanda muka ɗauka ɗan'uwa. Ka riƙe ta. In ta haihu, ɗan naka ne. Na biyu naka. Na uku naka. Sannan ka dawo min da uwar."

Sista ta dubi karsanar, ko ciki ba ta taɓa yi ba. Ta yi lissafi da yatsu. "Baba, haihuwa uku ai shekara shida ne, ko bakwai."

"Na sani."

"Wa zan mayar wa?"

"Ni mana," in ji Alhaji Bobboi. "Ina nan. Ina shan magani."

Ta karɓi igiyar. Maƙwabciyarta da ke leƙe ta katanga ta ce ta ga Sista tana share ido da bakin zani, ko da yake ita Sista ta ce hayaƙin murhu ne. Shuwakar dai ta riga ta tafi.

Mun gode, Sista Rachael Kwaji. Ku kuma matasan da kuka gaji ɗakin nan, ga abin koyi an bar muku. Ku san mutanenku har gida, ku san abin da suke jin kunya da abin da suke ɓoyewa, kada ku tsaya a amsar da aka ba ku a bakin tebur. Ke kuwa, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba ki ciyawar da za ta ishi baƙuwarki. Allah ya sa ta haihu ukun nan lafiya, ki ja ta har gidan Alhaji a Sabon Layi, ki miƙa masa igiyarsa hannu da hannu.